Daga gidan Jefferson zuwa masaƙun Manchesta, abin da idona ya gani

Na dawo gida an kwana biyu, gajiya ta sake ni, ƴan uwa kuma sai tambaya suke wai me na gano a ƙasashen Turawa, toh bari in rubuta kowa ya karanta in huta da maimaici. Asalin tafiyar ta zumunci ce. Ƙanina da ke zaune a jihar Maryland ne ya matsa sai na je na ga iyalinsa, ɗiyar yayarmu kuma da ke karatu a Manchesta tace Kawu in ka wuce ta samanmu ba ka sauka ba ba zan yafe ba. Ni kuwa na daɗe ina koyar da tarihi da darasin gwamnati a sakandare, ina cika wa yara allo da zancen Amurka ce gidan dimokuraɗiyya Ingila ce uwar majalisa, sai nace tunda Allah ya kawo dama bari in taka wuraren da ƙafata.

Wahalar biza ba sai na faɗa ba, ta Amurka daban ta Ingila daban ta shiga Faransa daban, kowacce da kuɗinta da layinta da takardun banki. Daga Kano mota na shiga zuwa Kaduna, shingayen jami'an tsaro nan da can kaman yadda aka saba, na hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu, washegari da dare muka tashi daga Abuja. Zaman jirgi dai barci ne da ciwon baya.

Da muka sauka layin baƙi ya yi tsawo sosai, jami'in ya tambaye ni wajen wa na zo, yaushe zan koma, wane aiki nake yi, sannan ƴan kwastan suka tambaya ko akwai nama a jakata. Ƙanina ya riga ya ja min kunne kada in kuskura in sa kilishi don ba a shiga da nama, sai kuka da kuɓewa da yaji, su ma sai da aka juya ledar aka shinshina kafin a bar ni.

Abu na farko da ya ɗaure min kai a gidan ƙanin nawa shi ne maƙwabcinsu, dattijo mai furfura wanda aka ce min babban likita ne da ya yi ritaya, yana yanke ciyawar ƙofar gidansa da kansa, yaran gidanmu kuma suna kiransa da sunansa gatsal ba ko Malam. Na yi musu faɗa, ƙanina yace Yaya ka bar su, in suka ce masa ranka ya daɗe ma tsorata zai yi. Kuma abin yana da asali, tsarin mulkinsu na 1787 ya hana gwamnati ba kowa sarauta, babu Lod babu Duk, a lokacin da kusan duk Turai sarakuna da ƴaƴan gado ke riƙe da ita. Mu da mutum zai sa Alhaji da Dokta da sarautar gargajiya a kati ɗaya, in ka manta guda ya ƙi amsa sallamarka, dole abin ya ba ni mamaki.

A Washinton gidajen tarihin gwamnati kyauta ne, wannan ya taimaki aljihuna don ruwan roba ma a titi sai ka ba da dala 2 ko 3, in ka juya shi naira sai ƙishin ya tafi. Na ga takardar shelar ƴancin kai ta 1776 a cikin gilashi, tawadar ta koɗe da ƙyar ake karantawa, ita ce mai cewa an halicci mutane duka daidai. Daga nan muka shiga gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2016. Ana saukar da ku can ƙarƙashin ƙasa ne tukun, ku fara daga jiragen ruwan bayi cikin duhu kuna hawowa sama a hankali. Akwai mari ƙanana na ƙarfe da aka yi don ƙafar yara. Na tsaya a wurin na kasa gaba na wani lokaci.

A unguwar U Street akwai wurin tunawa da baƙaƙen sojojin da suka yi yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, sunaye sama da 200,000 a jikin bango. A nan na ba ƙanina labarin Nicholas Said, ɗan Kukawa ta Borno da aka kama yana yaro aka sayar, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha da sauran Turai har ya iso Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts. Farin soja ana ba shi dala 13 a wata, baƙi dala 10 a cire 3 kuɗin kaki, su kuma ƴan wannan rundunar da ta 54 suka ƙi karɓar albashin gaba ɗaya har sai da aka daidaita a 1864.

Tafiyar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta Monticello, gidan Thomas Jefferson, wanda ya rubuta waccan takardar shelar ƴancin kai kuma ya zama shugabansu na uku. Jirgin ƙasa muka hau zuwa Charlottesville a jihar Bajiniya, kaman awa biyu da rabi, daga tasha tasi ta kai mu gindin tudun, tikitin shiga ya haura dala 40 kowane mutum. Gida ne kan tudu mai kyau na ban mamaki, ga agogon da ke nuna ranakun mako, ga ɗakin littattafai, ga wata ƴar dabara a jikin murhu da ake turo kwalaben giya daga ƙasa ba tare da baƙi sun ga wanda ya ɗora ba. Wannan dabarar ta ba ni haushi fiye da komai wlh, mutum yana so a yi masa hidima amma baya son ganin fuskar mai yi. Matar da ke mana jagora ba ta ɓoye komai ba, tace a tsawon rayuwarsa ya mallaki mutum sama da 600, ya rasu ranar 4 ga Yuli 1826 da bashi ya yi masa katutu, mutum 5 kawai ya ƴanta a wasiyyarsa, a watan Janairu 1827 aka yi gwanjon mutum 130 don biyan bashi, aka raba uwa da ɗa, miji da mata. Ta kai mu layin da bayi ke zama da aiki, Mulberry Row, inda ƙananan yara maza ke ƙera ƙusa daga safe har yamma, ta kuma nuna mana ɗakin da ke ba da labarin Sally Hemings, baiwar da ta haifa masa ƴaƴa. Da na kalli layin bukkokin nan da gonakin da ke ƙasa ba abin da ya faɗo min sai rinji, irin wanda sarakuna da attajiran ƙasarmu ke da shi a wannan ƙarnin dai, don haka ban yi wani ɗaga hanci ba, mu ma muna da namu. Bambancin su sun rubuta daidaito a takarda suka sa hannu.

A hanyar dawowa muka yi ta musu da ƙanina. Shi ra'ayinsa duk da haka Amurka ta yi wa Turai nisa, kuma yana da hujja. Daga wajen 1820 jihohi suka riƙa cire sharaɗin sai mai gida ko gona ne zai yi zaɓe, har North Carolina ta zama ta ƙarshe a 1856, a 1828 talakawan fararen fata suka ɗora Andrew Jackson, ranar rantsar da shi jama'a suka cika fadar shugaban ƙasa da takalmansu har ana fasa kayan gilashi, a zaɓen 1840 kusan kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka fito. Babu wata babbar ƙasar Turai da ta kusa haka a lokacin. Nace masa na yarda, amma Jackson ɗin nan shi ya sa hannu a dokar 1830 da aka kori ƙabilun asali daga ƙasarsu, ƴan Cherokee dubbai suka mutu a hanya a 1838, kuma a ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4.

Filadelfiya bas na hau ni kaɗai don ya fi jirgin ƙasa araha nesa ba kusa ba, na kwana a wani ƙaramin otal da ɗakinsa ko sallaya da ƙyar ta shimfiɗu amma kuɗinsa ya haura dala 100. Abin da ya yi min daɗi garin cike yake da baƙaƙe Musulmi, gemu da ɗangalallen wando ko'ina, sallama a titi kaman kana Fagge, abincin halal ba wahala, a Woodland Avenue na ci shinkafa da miyar ganye wajen ƴan Afirka ta Yamma na ƙoshi sosai. Na je tsohon gidan yarin Eastern State da aka buɗe a 1829, inda ake kulle kowane fursuna shi kaɗai ba magana, in za a fito da shi a rufe masa kai da buhu, wai kaɗaici zai sa ya tuba. Wannan kurkuku na cikin abin da ya kawo Bafaranshen nan Alexis de Tocqueville da abokinsa Gustave de Beaumont a 1831, gwamnatinsu ta turo su duba gidajen yari, shi kuma ɗan gidan sarauta ne sai hankalinsa ya koma kan yadda mutanen nan ke zama ba sarki ba hakimi. Amma ita jihar Pennsylvania ɗin, wadda ta fara dokar kawar da bauta sannu a hankali tun 1780, a 1838 ta gyara tsarin mulkinta ta rubuta cewa fari ne kawai zai yi zaɓe, baƙaƙen da ke kaɗa ƙuri'a a da aka ƙwace musu. New York kuwa a 1821 ta sassauta wa farare ta ce baƙi sai mai dukiyar dala 250. Wato lokacin da ake buɗe wa talakan Bature ƙofa lokacin ake tura baƙi waje, ba ma a Kudu mai gandun auduga ba, a Arewa mai ƴanci. Bayan yaƙi an haramta bauta a 1865, an ba baƙaƙe maza ƙuri'a a 1870, sai jihohin Kudu suka ɓullo da harajin zaɓe da jarabawar karatu, Mississippi ta buɗe hanya a 1890, abin bai gyaru ba sai dokar 1965.

Daga nan sai Ingila. Mun sauka Landan da sassafe, na hau jirgin ƙasa daga Euston zuwa Manchesta awa biyu da ɗan wani abu, tikitin da na saya ranar ya yi tsada har ɗiyar tawa tace Kawu ai a nan tun da wuri ake saya ta intanet. Ruwa na tarar, ruwa na bari. Ta samo min ɗaki a gidan wasu ƴan Pakistan kusa da Rusholme, titin Wilmslow kuwa gidajen abinci ne jere, gasasshen nama da gurasa fam 8 zuwa 10, masallaci ba nisa.

A nan kunnena ya fara jin wani abu da ban ji a Amurka ba. Ɗiyar tace su Turawan nan da mutum ya buɗe baki sun san gidan da ya fito da makarantar da ya yi, direban bas da lauya ba harshe ɗaya suke ba ko da unguwa ɗaya aka haife su. Ta kai ni tsakiyar gari inda a da ake kira filin St Peter. Ranar 16 ga Agusta 1819 mutum wajen 60,000, yawanci masaƙa da matansu da yara cikin kayan ado, suka taru don sauraron Henry Hunt yana neman a gyara majalisa, saboda Manchesta da duk yawan jama'arta da masana'antunta ba ta da ɗan majalisa nata ko ɗaya, alhali wani kufai mai suna Old Sarum da masu zaɓensa ba su taka kara sun karya ba yana tura mutum 2. Mahukuntan gari suka saki mahaya da takubba a cikin taron, wajen mutum 18 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Shi ne Peterloo. Sai a 2019 aka gina wurin tunawa, wasu matakala ne zagaye da sunayen mamatan, har da yaro ɗan shekara 2. Mutane na wucewa da kofin shayi a hannu ko kallo ba sa yi.

A gidan tarihin talakawa, People's History Museum, shi ma kyauta, na ga manya-manyan tutocin ƙungiyoyin ƙwadago da tarihin yadda aka riƙa tsaga ƙuri'a kaɗan-kaɗan. Gyaran 1832 ya ba Manchesta kujeru amma masu dukiya kawai suka samu ƙuri'a, kusan namiji ɗaya cikin biyar a Ingila da Wales. Ƴan Chartist suka taso a 1838 da buƙatu 6, ciki har da ƙuri'a ga kowane namiji da zaɓen sirri da biyan ɗan majalisa albashi don talaka ma ya iya tsayawa, a 1842 suka kai takardar koke mai sa hannu sama da miliyan 3 majalisa ta yi watsi da ita. An ƙara yawan masu ƙuri'a a 1867, zaɓen sirri ya zo a 1872, an ƙara a 1884, amma kowane namiji sai 1918. Ga kuma majalisar dattawansu da a lokacin ake gadon kujera daga uba, wadda sai a 1999 aka rage masu gadon zuwa 92. Ina karantawa ina tuna NEPU da Malam Aminu Kano, rikicin talaka da masu sarauta ne sak, har irin zagin da ake musu na cewa jahilai ne ba su san mulki ba.

Amma fa Ingilan nan da ta hana ma'aikacinta ƙuri'a ta riga Amurka sakin bayi da shekara sama da 30, dokar 1833, sai dai diyyar fam miliyan 20 iyayen gijin bayin aka ba, bayin ko kwabo. Na je masaƙar Quarry Bank a ƙauyen Styal bayan gari, ta iyalan Greg tun 1784, injinan har yanzu suna aiki in an kunna, ƙarar kaɗai ta isa ta kurmantar da mutum. Akwai gidan da ake ajiye yaran da aka kwaso daga gidajen gajiyayyu, wajen 90 a lokaci guda, suna aiki daga asuba har dare ba albashi sai abinci da makwanci, biyu-biyu a gado. Wata dokar masana'antu ta 1833 ta hana sa yaro ƙasa da shekara 9 a masaƙar auduga, ka ji abin da ake kira sassauci. Kuma iyalan nan suna da gandun bayi a tsibirin Dominica. Audugar da masaƙun yankin ke ci yawancinta daga Kudancin Amurka ɗin da na baro take zuwa, bawa ya tsinka can yaron talaka ya kaɗa nan, riba ta tafi gida ɗaya. Wannan ne ya sa na daina ganin wai ƙasashe biyu nake gwadawa.

Shi ya sa gunkin Abraham Lincoln da ke tsakiyar Manchesta ya burge ni. Lokacin yaƙin basasa auduga ta yanke, masaƙu suka rufe, ma'aikata suka shiga yunwa, amma ranar 31 ga Disamba 1862 suka taru a Free Trade Hall suka goyi bayan Lincoln da ƴanta bayi, shi kuma ya rubuto musu wasiƙar godiya a Janairu 1863. Mutanen da yawancinsu ba su da ƙuri'a a ƙasarsu kenan. Zauren yanzu otal ne na masu kuɗi, na leƙa daga ƙofa kawai.

Faransa gajeriyar tsayawa ce. A tashar St Pancras ta Landan ake buga fasfo tun kafin a hau jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku, wajen awa biyu da ɗan kai sai ga Gare du Nord. Wani tsohon abokina ɗan Maraɗi da ya daɗe a can shi ya tarbe ni, ya kai ni Château Rouge inda har goro da busasshen kifi ake sayarwa, matarsa ta yi mana tuwon shinkafa, rabona da tuwo tun gidan ƙanina. Shi ya kai ni Panthéon inda suke binne manyansu, muka tsaya kan kabarin Victor Schoelcher, wanda ya tsaya kai da fata har aka fitar da dokar 27 ga Afrilu 1848 ta haramta bauta, karo na biyu kenan don sun haramta a 1794 Napoleon ya dawo da ita a 1802. Abokin nawa yace Malam su waɗannan komai nasu da tsalle ne. Zamanin Sarki Louis-Philippe sai mai biyan harajin faran 200 ke zaɓe, mutum wajen 240,000 a ƙasa mai mutum miliyan 35, juyin 1848 ya zo dare ɗaya masu ƙuri'a suka koma miliyan 9, sun riga Ingila da shekara 70, a Disambar shekarar suka zaɓi Louis-Napoléon da gagarumin rinjaye, a 1851 ya yi juyin mulki, a 1852 ya naɗa kansa sarki. Nace wannan labarin ai mun san irinsa, ya yi dariya yace ku da mu duka.

Muna shan shayi da dare matarsa ta sa baki tace ku kun cika lissafin maza, ina mata? Gaskiya ta kama mu. Matan Amurka sun yi taronsu a Seneca Falls tun 1848 amma ƙuri'a sai 1920, Ingila daidai da maza sai 1928, Faransa mai taƙama da daidaito sai 1944, matanmu na Arewa kuma da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kansu ba su yi zaɓen 1959 ba, sai 1979 suka zaɓi shugaban ƙasa. Abokina ya ƙara da cewa Jamhuriyar Faransa ɗin nan mai ƙuri'ar kowane namiji ita ce ta turo sojojin da suka ci Damagaram a 1899, ba wanda ya tambayi mutanen Zinder ra'ayinsu. Muka yi ta yi har dare ya raba, shi yana cewa gara Turai don talaka in ya yi kuɗi yana iya tsallake layin, ni ina cewa yaran Styal nawa ne suka tsallake, matar tana mana dariya.

Washegari ya raka ni filin jirgi, jakata ta haura kilo saboda takardu da littattafan da na tara daga gidajen tarihi, na biya yuro 70 ina ƙunƙuni. Mun sauka Abuja da yamma, na kwana wajen wani ɗalibina na da, da safe na kama hanyar Kano, a shingen farko bayan Zuba wani jami'i ya leƙo ya ga jakunkunan yace Alhaji daga ina haka, me aka kawo mana.